Ranar da Na Shafa wa Injin Malam Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da Malam ya shigo mini da inji har cikin ɗaki. Amma tun kafin injin ya zo akwai abin da ke hana ni sakewa. Malam, wato maigidana, a Jos ya koyo aikin inji, da ya dawo Fataskum aka ba shi samari a garejin En'e ya koya musu. Ba a tabbatar da shi ba, gwada shi ake yi. An ce wani Bature injiniya zai zo ya ga yadda yake koyarwa. In ya gamsu, shi ke nan. In bai gamsu ba, a mai da Malam bin motocin gyaran hanya can wajen Maiduguri, inda mutum kan yi wata bai kwana gida ba. Ga ni da goyo, Hajara ta fara rarrafe, ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Kullum ina tunanin abin da zan yi in taimaka masa, ni da karatuna bai wuce ɗan abin da na tsinta a ajin manya ba.

Injin ba na gaske ba ne, na koyarwa ne, Malam ya haɗa shi da hannunsa a kan katako. Faifai biyu ne na itace, babba da ƙarami, an zagaye su da bel na fata. In ka juya mariƙin babban, bel ya ja ƙaramin. A gefe kuma akwai wasu faifai biyu na ƙarfe masu haƙora, suna cizon juna. Rufin garejin ne ke yoyo, shi ya sa ya kawo shi gida.

Da la'asar ni ce ɗalibarsa ta gwaji. Yakan ce ba gyara kaɗai yake so yaran su iya ba, so yake mutum ya zauna da fensir ya tsara: faifai kaza zai yi girma kaza, bel faɗinsa kaza, ƙarfen tsakiya kaurinsa kaza don kada ya murɗe. Sai ya ɗiga alli a jikin ƙaramin faifan ya ce in ƙirga. Babba ya juya sau ɗaya, ƙarami sau uku. Ina gyaɗa kai kamar na gane duka (rabin hankalina yana kan yatsun Hajara da haƙoran nan).

Abu ɗaya dai na gani wanda na tabbata na fi shi sani. Babana baduku ne, daga kasuwar shanu yake sayo fata, a cikin warinta na girma. Bel ɗin nan ya bushe. Ya yi tauri, gefensa ya fara tsagewa, in yana juyawa har wani ƙiƙi yake yi. A gidanmu fatar da ta yi haka ƙishi take ji, kuma maganinta sananne ne.

Ana gobe Baturen zai zo, Malam ya fita aski. Na ɗauko man shanun da Inna ta aiko mini daga Ngojin don shafa wa Hajara, na zauna na yi aiki tsakani da Allah. Na shafe bel ciki da baya, na murza har ya sha. Na ga bakin faifan ma ya yi fari, na ƙara masa. Abin ya yi ƙyalli gwanin sha'awa. Na lulluɓe shi da tsohon zane kamar yadda na same shi, ban ce wa Malam komai ba, don so nake sai an yaba masa sannan in ce ai da hannuna a ciki. Da safe ɗalibai suka zo suka ɗauke shi a lulluɓe.

Gidanmu zana ce kawai ta raba shi da rumfar garejin, kuma akwai wata kafa da na sani. Na goya Hajara na liƙa ido.

Baturen dogo ne, jajir, yana zaune a kujera ya ɗora hularsa a gwiwa. Malam ya fara da kyau. Ya zana injin niƙa a allo, ya ba su girman faifan, ya ce su lissafa. Wani mai suna Buba ya ce ƙaramin zai juya sau uku. Malam ya ce to bari inji ya ba da shaida. Ya yaye zanen, ya kama mariƙi.

Babban faifai ya juya sumul, babu ƙiƙi ko kaɗan (har na yi murmushi, Allah ya yafe mini). Ƙaramin kuwa ya tsaya cik, kamar ba da shi ake ba. Malam ya ƙara sauri. Bel ya sulale, ya yi tsalle, ya faɗi daidai takalmin Baturen. Ya ɗauka, ya kai hanci, ya dubi yatsunsa. Da Hausarsa mai kama da ta mai mura ya ce, "Malam, wannan inji ne ko tuwo?"

Ban taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Ya juya wajen ɗaliban ya tambayi wanda ya taɓa injin. Duk suka sunkuyar da kai. Idonsa ya tsaya a kan Buba, don shi ya ɗauko gefen bel da safe, kuma an san shi da wasa. Na ga yaron nan za a kore shi a kan man shanuna. Daidai nan Hajara ta tsala kuka, kowa ya juyo ya dubi zana. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam, ni ce. Na ga ya bushe ne."

Matar aure, muryarta a gaban maza fiye da goma, har da Bature! Sai wani ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Na so in gudu ɗaki, amma na tsaya a jikin zana.

Can Malam ya ce da ɗaliban, tunda dariya ta ƙare, wa zai gaya masa abin da ya hana ƙaramin juyawa? Buba, wanda ransa ya dawo, ya ce santsi. Malam ya ce haka ne, bel da kamu yake aiki, mai kuwa kashe kamu yake yi. Ya lakato man daga jikin bel ya shafa wa masu haƙoran, suka juya lafiya lau, har sun fi da. Ya ce to in an ce su tsara inji a wurin da mai ke ɗiga, wanne za su zaɓa, kuma don me? Gardama ta kaure, Baturen ya jawo kujerarsa kusa. Sannan Malam, ba tare da ya dubi zana ba, ya ce, "A miƙo mana toka."

Na miƙa a ƙwarya ta saman zana, hannu kaɗai. Suka murje bel da faifai, suka ɗaure shi tamau. Ƙaramin ya juya sau uku. Ni ma na ƙirga daga kafata.

Da ya dawo gida na shirya wa faɗa, bai yi ba. Ya zauna ya ci tuwonsa, ya kai rabi sannan ya tambaya ko yau miyar babu man shanu ne. Na ce ya ƙare. Ya ce ai ya san inda ya tafi.

Kafin kaka aka tabbatar da shi. Na koyi cewa ba duk abin da ya bushe ne ke jiran hannuna ba, yanzu ko keke ya jingine a tsakar gida sai na tambaya kafin in goge. Sai dai Malam ya mai da abin darasi. Duk sababbin ɗalibai sai ya sa sun shafa wa bel mai da gangan, sannan ya ba su labarin tun daga farko, ina ji ta zana.

Don haka in kana da ɗa ko ƙane a garejin, ko kuna gaisawa da Malam a masallaci, don Allah ka roƙar mini shi. Ban ce ya daina ba da labarin ba. Ya riƙa cewa "wata mata" kawai, ya daina nuna zana.