Mala'ikun Man Kifi

Ba zan taɓa mantawa da bajekolin kayan hannu na zumuntar matan cocinmu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Limawa ba za su bar ni ba. Har yau akwai matan da in sun hango ni tafe sai su tattare gefen zaninsu su matsa.

Yayata, Adda Rifkatu, ta gama makaranta ta zauna jiran aiki har kujerar falonmu ta lotsa daidai girmanta. Da ta gaji, sai ta fara sana'ar kayan adon Kirsimeti na katako: taurari, ƙararrawa, mala'iku, raƙuman masanan gabas, irin waɗanda ake ratayewa a bishiya ko a ƙofar ɗaki ko a madubin mota. Ita ke zana su a kwamfuta, sannan mu kai shagon Bappa Buba a Gwadabawa, mai yin allunan shaguna. Shi ke da injin leza. In ba ka taɓa ganin injin nan ba, ka ɗauka firji ne aka kwantar. A shimfiɗa falanki siriri a ciki, a rufe, sai wani ɗan haske ya riƙa bin zanen, hayaƙi na tashi. Ba yankawa yake yi ba, ƙonawa yake yi. Don haka duk abin da ya fito, gefensa baƙi ƙirin yake da kunkunniya, yana ƙauri kamar ɗakin da aka kashe gobara jiya.

Bappa Buba ya sha faɗa mini, yana nuna ni da yatsa: “'Yata, inji ya yi nasa, saura naku. Tsumma da sifirit, gefe bayan gefe, har tsumman ya daina yin baƙi. Sannan a shanya a inuwa.” Ni kuma in ce, “To, Bappa,” da fuskar mai hankali, alhali kallon kaina nake yi a gilashin murfin injin.

Gugar nan ita ce aikina. A makaranta na gaya wa kowa ni ce manajar kamfani. A gida Adda tana kirana 'yar goge-goge.

To, a shekarar nan an sanar cewa Mama Saratu, shugabar zumunta, za ta zagaya rumfuna da kanta ranar bajekoli, kuma wadda kayanta suka burge ta, ita za a ba aikin kyautar ƙarshen shekara ta duk matan zumunta. Adda ta ɗora ranta a kan aikin nan. Ta ce in ta same shi, Babanmu zai daina tambayarta yaushe za ta nemi “aikin gaske”. Ta rame, ta daina kallon fim, ta zana wani mala'ika mai fuka-fuki kamar leshi, ramuka ƙanana-ƙanana sun fi gashin kaina yawa.

Ana gobe bajekoli, dole ta tafi Ngurore ɗaurin auren ƙawarta. Kafin ta hau Keke Napep ta dire mini baho cike da katako, da kwalbar sifirit, da tsohuwar singiletin Baba.

“Ki goge su tas. Kin ji ni ko?”

“Haba Adda, sai ka ce yau na fara.”

“Shi ya sa nake maimaitawa.”

Na zauna na fara da zuciya ɗaya, Allah ya sani. Na goge tauraro, na goge ƙararrawa, na goge raƙumi har da ƙasan wuyansa. Da na iso kan mala'ikan leshin nan, babban yatsana ya mutu. Na leƙa bahon, na ga kamar haihuwa suke yi a ciki. Ga ƙawayena can a coci suna gwajin rawar Kirsimeti, ina jiyo gangar daga tsakar gida, ni kuma ina nan ina ƙwaƙular hammatar mala'ika.

A nan ne basira ta sauko mini (ni matsalata ke nan, basira ta yi mini yawa). Na tuna yadda Mamanmu ke shafa wa sabuwar muciya mai ta yi sheƙi. Na shiga kicin. Sabuwar kwalbar man gyaɗa tana nan, amma Mama ta san iyakar man ta da ido, ko cokali aka ɗiba sai ta gane. Sai na ɗauko wanda ke cikin gwangwani, wanda aka riga aka soya kifi da shi. Na dangwala tsumma, na shafa wa tauraro ɗaya.

Jama'a, abin ya yi kyau. Fuskar katakon ta koma ruwan zuma, gefen ya yi baƙi mai ƙyalli kamar sabon takalmin ɗan sanda. Na ce wa kaina, ashe duk shekarun nan wahalar banza Bappa Buba yake sa mutane. Na juye man a kwano na riƙa tsoma su ina tsamewa kamar mai suyar ƙosai. Kafin a gama waƙa ta biyu a coci, ina cikin layin rawa.

Adda ta dawo da yamma a gajiye, ta leƙa bahon daga bakin ƙofa.

“Kai, sun yi kyau. Me kika yi musu?”

“Haƙuri kawai, Adda. Aikin hannu sai da haƙuri.”

Har ta dafa kaina. Wannan dafawar tana cikin abubuwan da ke hana ni sakewa har yau.

Washegari a filin makarantar da ake bajekolin, na hana ta taɓa komai. Na ce ta huta, manaja na nan. Ni na rataye su a igiya ɗaya bayan ɗaya. Na lura yatsuna suna yin baƙi, amma siket ɗina baƙi ne, sai na riƙa gogewa a baya ina murmushi. Masu saye kuwa na kafa musu doka: kallo da ido, ni zan naɗe a takarda. Na buɗe murya ina talla, ina cewa hasken da ya yanka katakon nan irin wanda ake yi wa manyan mutane aikin ido da shi ne.

Rumfar da ke kusa da tamu ta Goggo Adama ce, wata tsohuwa daga cikin Yola mai sayar da ƙore masu zane. Ba ta tsoron kowa, shekarunta sun wuce nan. Tun da hantsi take ɗaga hanci tana shinshina iska.

“Ke yarinya, katako kike sayarwa ko kifi banda?”

“Ƙamshin katakon waje ne, Goggo.”

“To wajen nan kusa da kogi yake.”

Da rana ta take, mala'iku suka fara gumi. Na ga ɗigo ya taru a ƙafar wani, ya yi lilo, ya faɗo kan farin ƙyallen tebur. Na ɗora raƙumi a kan tabon. Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa. Wata kyanwa ta zo ta zauna a gaban rumfar ta ɗaga kai sama tana kallon taurari, ban taɓa ganin dabba mai son addini irinta ba. Adda dai hankalinta na kan hanya, tana jiran Mama Shugaba. Da jiran ya yi tsawo, ta ce bari ta je ta sayo mana ruwan sanyi.

Tana ɓacewa, sai ga su.

Mama Saratu tsohuwar hedimistires ce. In ta yi tari a coci, mawaƙa canza waƙa suke yi. Farar rigarta ta zumunta ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki. Ga sakatariyarta riƙe da jaka, ga matan kwamiti a baya, ga mai hoto yana tafiya da baya-baya a gabanta.

Mai hankali zai ce, “Mama, ku ɗan jira yayata.” Ni kuwa na ga ranar da za a san manaja ta zo. Na durƙusa har ƙasa, na tashi, na ciro tauraro mafi girma, na ce kyauta ce daga kamfani, na rataya mata a wuya da hannuna. Ya kwanta a ƙirjinta daram. Sannan, ni da na hana kowa taɓawa, na ɗora mata mala'ikan leshi a tafin hannu.

Ta juya shi, ta murza fuka-fukan da yatsu, idonta na kan mai hoto, tabarau ɗinta na lilo a igiya a wuyanta. “Aiki mai tsafta,” in ji ta. Matan kwamiti suka amsa, “Mai tsafta, Mama.” Ta ajiye shi. Zafi ya dame ta. Ta ɗaga yatsun nan ta share gumin da ke ƙarƙashin hancinta, daga dama zuwa hagu, a hankali, kamar mai ja layi a allo.

Gashin baki ya fito. Ba ƙarami ba, irin na sajan ɗin soja mai ritaya. Ta ƙara shafa goshi, ta samu gira ta uku.

Matan kwamiti duk suka sami abin kallo a ƙasa. Mai hoto, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ci gaba da aikinsa. Ni ce na fi kowa kusa da ita. Abin da kawai zan ce shi ne, “Mama, akwai abu a fuskarki.” Amma sai na ce, “Allah ya ƙara girma, Mama.”

Haka ta ratsa filin nan ta hau dandamali ta karɓi makirfo. Ta fara jawabi a kan matasan zamani, da ƙazanta, da son gajeriyar hanya. Mutane suka fara toshe baki da gefen zani. Wani dattijo ya sunkuya kamar yana ɗaure takalmi, kafaɗunsa na rawa, alhali silifa ce a ƙafarsa. Ita kuma ta ɗauka barkwancinta ne ke shiga, sai ta ƙara kaimi, gashin bakin na hawa yana sauka.

“Amma yau na ga yaran da suka san darajar aiki,” in ji ta. “Ina Rifkatu da ƙanwarta? Ku hau nan jama'a su gan ku.”

Daidai lokacin Adda ta dawo da ledar ruwa a hannu. Ta ji sunanta a lasifika, fuskarta ta washe, ta ja hannuna muka nufi dandamali. Sai da muka hau matakala ta ɗaga ido ta ga fuskar Mama Shugaba. Nan take Adda ta saki hannuna.

“Ku dubi wannan,” in ji Mama, ta ɗaga tauraron daga ƙirjinta don na baya su gani.

Na baya sun gani. A kan farar rigar nan ga wani tauraron, baƙi, mai maiƙo, kowane tsini ya fito cif, ko injin Bappa Buba ba zai fi haka iyawa ba. Ta sunkuyar da kai ta kalle shi. Sai muryar Goggo Adama ta taso daga can cikin rumfuna:

“Mama Shugaba, ta rigar mai sauƙi ce. A ba ki madubi!”

Sakatariya ta miƙa mata madubin hoda. Mama ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi ihu ba, hedimistires ba ta ihu. Ta shinshina yatsunta, ta juyo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kuma shekarun da ta yi tana kama masu satar amsa ba su tafi a banza ba. Ta wuce Adda ta kawo makirfo daidai bakina.

“Me kika shafa wa abin nan?”

Na yi niyyar yin raɗa. Na manta aikin makirfo ke nan.

“Man gyaɗa ne, Mama.”

Na rantse har Ngurore an ji. Wani ɗan iska daga cikin 'yan ganga ya ɗaga murya: “Sabo ko na suya?”

Mama ba ta janye makirfon ba. Jira take yi.

“Na kifi ne,” na ce.

Ban san yadda na sauko daga dandamalin nan ba. Na dai san waɗanda suka saya da safe sun fara buɗe takardunsu, wata mata tana zaro mala'ika daga cikin jakarta da yatsu biyu, tare da sabon ɗankwalin da ya wuni kusa da shi.

Aikin kyautar ƙarshen shekara, wata mai sayar da robobin cin abinci aka ba. Adda ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni. Ta kwashe kayanta a baho, ta zauna a bayan keke ta juya fuska waje, ina ganin tana share ido da bayan hannu har muka iso Limawa. Sai bayan sabuwar shekara ta sake yi mini magana, kuma maganar ita ce, “Matsa.” Rigar Mama Shugaba ni na wanke ta, na sake wankewa, na kai mata har gida a goge. Ta ɗaga ta a rana, inuwar tauraron na nan, ta ce in bar ta, za ta riƙa nuna wa 'yan ajin Lahadi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga babban mutum da gashin bakin da ba nasa ba, ka gaya masa tun yana ƙasa, kafin a miƙa masa makirfo. Kuma in har sai ka yi ha'inci, kada ka rataya shi a wuyan mai fararen kaya. Yanzu duk Lahadi, in an ce a gaisa da juna a coci, Mama Saratu tana miƙo mini hannu kamar kowa. Sai dai kafin ta kama nawa, takan juya tafin ta duba, gaba da baya.