Giwar da Ta Girma Babu Izini

Allah ya yi wa garinmu baiwa uku: kogin Danube, da kasuwar kifi, da Darakta Pompiliu Zavoianu. Kogin yakan daskare da hunturu, kasuwar takan tashi da la'asar, amma bakin Darakta ba ya daskarewa, ba ya tashi. Shi ne shugaban gidan dabbobi na gari, kuma duk faɗin Romaniya babu wanda ya kama ƙafarsa wajen sanin giwa. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da kansa ya shaida mana.

Ya rubuta tarihin giwayen da aka tsare a biranen Turai, juzu'i biyu, kowanne ya isa a tokare ƙofa da shi. Hotonsa ne a shafin farko, na giwa kuwa sai can a shafi na ɗari da tara. Ya san giwayen da sarakuna suka yi wa juna kyautarsu. Ya san waɗanda aka ɗura wa giya don su jure sanyi, da waɗanda ba su jure ba, aka feɗe su aka cusa wa fatar ciyawa. In ya zo kan wata giwa da sanyi ya kashe shekara ɗari uku da suka wuce, har hawaye yake yi, ya ciro hankici mai ƙamshi ya goge. A gaban idonsa ranka ya daɗe ake ce masa. A bayan ido kuwa Farfesa Kundi ne.

Abu guda ne kawai masanin bai samu sukunin yi ba, wato matsawa kusa da giwa mai rai. Warinta yana tayar masa da ciwon kai. Ofishinsa yana can bakin ƙofar shiga, wani tangamemen zauren dutse mai murhu biyu, wanda ya sa aka faɗaɗa wa ƙofa har keken dokinsa yake shiga ciki da shi, don kada takalminsa ya san taɓo. Giwar kuwa tana can ƙarshen fili, bayan kejin kuraye. Sau ɗaya a shekara yake hango ta, hankici a hanci, ido a kan takardar jawabi. To, mutum mai girma irinsa dama komai ƙarami yake gani.

Sunan giwar Safta, mai kula da ita kuma Baba Tanase. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya je tashar jiragen ruwa ya karɓo ta, lokacin iyakarta ƙirjinsa, tana kuka tana laluben aljihunsa. Tun daga ranar bai taɓa cin tuwon masararsa bai gutsura mata ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane, Safta ce ta rage masa. Rumfar katakon da take kwana ta tsufa ta ruɓe, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A hunturun bara sanyi ya tsaga mata gefen kunne, duk da bargunan soja shida da ya ɗinke ya yafa mata. Majalisar gari ta yanke magana: ko a sama mata ɗaki mai ɗumi kafin dusar ƙanƙara, ko a miƙa ta ga masu wasan tanti da ke yawo gari-gari suna wasa da dabbobi. Baba Tanase ya taɓa ganin giwar masu wasan nan, da sarƙa a ƙafa da tabon ƙugiya a bayan kunne. Tun da ya ji hukuncin abinci ya daina yi masa daɗi.

Sai Darakta ya miƙe a gaban majalisa, ya gyara gashin baki.

"Ɗaki? Ni ba na gina ɗaki, 'yan majalisa. Fada zan gina, mai ƙubba irin ta Hindu, wadda mutanen birnin Biyana za su zo su gani su koma gida suna cizon yatsa. Jikokinku za su tambaya, a zamanin wa aka yi wannan? Kunya ba za ta bar ni in faɗi amsar ba."

Aka ɗauko magina daga Bukares, babban birnin ƙasa, aka kewaye wurin da allunan katako don kada ido ya riga buki. Baba Tanase ya yi ta sa wa Darakta albarka, har ya kunna masa kyandir a coci. Sai ran nan ya leƙa ta wata kafa a jikin katakon. Ya ga ƙubba, ya ga tagogi masu sandunan ƙarfe, ya ga ƙofa. Ya goge ido ya sake leƙawa. Ƙofar tana nan yadda take, daidai ta shagon aski.

Bai yi wata-wata ba ya samo igiya. Ya jingina tsani a jikin Safta, ya auna tsayinta ya ƙulla, ya auna faɗinta ya ƙulla. Ya wanke hannu har sau biyu, ya cire hula, ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, ƙofar nan ba za ta shige ta ba."

Darakta bai ɗago kai ba. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda da ta yi jawur don tsufa, ya shimfiɗa ta kamar mai shimfiɗa rigar biki. Takardar jirgin da ya kawo Safta ce. Ya karanta da ƙarfi: giwa ɗaya, mace, tsayi mita ɗaya ɗigo uku. Ya ce shi kuma don karamci ya ƙara mata rabin mita, saboda mutunci.

"Yallaɓai, ai lokacin nono take sha. Ga igiya, ka gani."

"Igiyarka tana da hatimi, dattijo? Wannan uku gare ta. Kai shara ka sani, ni tarihi na sani. Abin da aka rubuta shi ne gaskiya, ba a jayayya da shi. Fita da abin nan, yana wari."

Shugaban magina ma, aka ce, ya taɓa yin wannan maganar, aka nuna masa hatimi ukun, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗora dutse. Baba Tanase ya sake komawa sau biyu. A na biyun aka gaya masa cewa in ya ƙara, igiyar da aikin za su fita ta ƙofa ɗaya. Ya naɗe abarsa ya cusa a aljihu, ya ce a ransa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Sai dai ganin a kan Safta zai ƙare, abin da ya hana shi sakat ke nan.

Ranar buɗe fada ta faɗo a ƙarshen Nuwamba, gari ya yi luf, sama ta yi toka-toka. Da sassafe Darakta ya sa aka rushe tsohuwar rumfar, domin a nan za a shuka furanni, a tsakiyarsu kuma a bar wuri ko da wata rana mutanen gari za su matsa sai sun kafa gunkin wani. Aka bar Safta a fili da bargunanta shida.

Gari ya hallara. 'Yan badujalar kashe gobara suka busa, limamin coci Fada Visarion ya tsoma damin ganyen ƙamshi a ruwa ya yayyafa wa bango, ya yayyafa wa manyan baƙi. Magajin gari Anghel Carabulea, dillalin kifi ne mai ƙarancin magana, ya ja ƙyalle, sai ga rubutun da Darakta ya tsara aka sassaƙa a dutse bisa ƙofa: A NAN MAFI GIRMAN HALITTAR GARIN NAN KE ZAUNE. KADA A TSOKANA, KADA A BA DA ABINCI.

Darakta ya yi jawabin awa ɗaya da kwata. Ya faro daga giwayen yaƙi na mutanen da, ya bi ta fadojin sarakuna, ya yi hawayensa a inda ya saba yi. Yana isowa kan labarin kansa dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ya ɗaga sanda ya ce a shigo da baƙuwa.

Baba Tanase ya kama kunnen Safta ya taho da ita, jama'a na darewa. Kowa na duban giwa yana duban ƙofa. Safta ta tsaya cak, goshinta a kan rubutun. Mai hankali ce, ba ta yi gardama ba. Ta zura hancinta ciki, ta laluba, ta ɗauko burodin da aka ajiye na tarbar baƙi, ta kai baki.

Wata mai sayar da kabeji ce ta fara ƙyalƙyalewa, daga nan kowa ya kama.

"Taurin kai ne kawai irin na dabba," in ji Darakta. "Ba ta san hanya ba. Ku dube ni."

Ya ɗaga haɓa, ya taka ya shige. Ƙofar ta karɓe shi cif, doguwar hularsa ta shafi sama, tumbinsa ya shafi gefe da gefe, kai ka ce tela ne ya auna. Ya leƙo ta tagar ƙarfe yana yafito giwa da hannu. Wani daga cikin masu busa ya ce a rufe kawai, an samu mai ɗakin.

Magajin gari bai yi dariya ba. Ya tambayi shugaban magina ko za a iya faɗaɗa ƙofar, aka ce masa ƙubbar a kanta take zaune, in an taɓa ta duka za su sauko. Ya juya wajen tagar ya tambayi Darakta yadda aka yi haka.

"Ranka ya daɗe, lissafina babu kuskure, ga takarda. Dabbar ce ta girma ba tare da ta sanar da hukuma ba."

Dusar ƙanƙara ta fara taruwa a bayan Safta, kunnenta mai tabo yana rawa. Baba Tanase ya san masu wasan tanti suna garin da ke gaba, kwana ɗaya ya ishe su zuwa. Ya cire hula ya matsa kusa da magajin gari, ya ce shi dai ba shi da ilimi, amma akwai ƙofa ɗaya a gidan nan da yake ganin za ta yi.

"Ka auna, Baba Tanase?"

"Tun watan jiya, ranka ya daɗe. Har da ragowar taƙi biyu."

Ya ciro igiyar. Magajin gari kuwa mai sayar da kifi ne, ya san darajar awo. Ya bi shi har zauren Darakta, ya riƙe bakin igiyar da hannunsa, ya duba ƙulli, ya gyaɗa kai. Kafin azahar an kwashe tebur da kundaye da keken doki, an zuba ciyawa, an hura murhu biyun. Safta ta shiga ba ta ko sunkuya ba. Baba Tanase ya cire mata bargunan ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kan bokiti ya yi kukansa na daɗi, ita kuma tana laluben aljihunsa.

Majalisa ba ta son asara, don haka ta mayar da ofishin Darakta cikin fadar. Masu zuwa kallo suka ninka. Ran Lahadi iyalai sukan fara da kuraye, su gaida Safta, su ƙare a tagar ƙarfe, inda ake samun bayanin awa guda kyauta. Duk da gargaɗin da ke bisa ƙofa, ba a rasa mai jefa gyaɗa.

Sau huɗu Darakta yana rubuta wa majalisa takarda, yana roƙo a kankare rubutun nan, domin a cewarsa bai dace da mazaunin wurin na yanzu ba. A ta huɗun magajin gari ya amsa masa da layi ɗaya, ya buga hatimi uku a ƙasa: abin da aka rubuta shi ne gaskiya, ba a jayayya da shi.