Si Taktak Ya Rasu da Laifin da Ba Nasa Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, ni, Hashmi ɗan Salah Kammun, tsohon magatakardan kotu a nan birnin Safakus, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan wasa na gida da na ƙetare rasuwar allon madannan kwamfutata, wanda aka fi sani da Si Taktak. Ya cika ranar Lahadin da ta wuce, tsakanin la'asar da magariba, a kan teburin da ya yi wa hidima. Shekarunsa goma sha biyar, kuma goma sha uku daga cikinsu ya yi su ne a ƙarƙashin yatsun hannuna.

Ba a sanin darajar mamaci sai an san gidan da ya fito. Mutumin da ya fara shimfiɗa ƙa'idar sayayyar mai rufa baya a wasan yaƙi na kwamfuta a garin nan shi ne Si Mongi Elluz, Allah ya jiƙansa, mai shagon intanet na kusa da ƙofar gari ta Bab Jabli, a watan azumin shekarar 2010. Kafin zamaninsa, in mutum biyar suka kara da biyar, kowa kan kwashi zinariyar da ya tara a filin wasa ya sayi takobi ko baka, sai a mutu gaba ɗaya kamar kajin da annoba ta shiga akurkinsu. Si Mongi ne ya yanke cewa na biyar ba zai sayi makami ba, sai abin da zai raya sauran huɗun, kuma a kan tsari ɗaya wanda ba a saɓa masa. Fitila tukuna, domin a hangi abokin gaba tun bai iso ba. Sai takalmi. Sai gorar magani. Sai alkyabba, wadda ake jefa wa abokin da aka kewaye, ta kare shi daga sara har daƙiƙa huɗu. Da yake kaya suna zama a gurbi ne bisa jerin da aka saye su, kuma kowane gurbi yana da madanninsa, sai fitila ta gaji lamba ɗaya, takalmi biyu, gora uku, alkyabba huɗu. Ya rubuta hukuncin a jikin kwali ya rataye a saman na'ura ta bakwai. Marigayi shi ne allon na'ura ta bakwai.

Na san shi a shekarar 2012, wata biyu bayan rasuwar matata Lalla Rafika. 'Yarmu Insaf tana da shekara goma sha shida a lokacin, kuma tun daga ranar da aka kai mahaifiyarta ta daina magana a gida. Sai ta tashi daga makaranta ta zarce shagon Si Mongi. Wata rana na tafi da kwat ɗina ta kotu domin in fito da ita, in kuma faɗa wa mai shagon abin da doka ta tanada. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ja kujera.

"Si Hashmi, zauna ka huta da wa'azi. Kujerar nan ba mai son ta, don ba a yabon mai ita. Aikinta kawai a bi yarinyarka a baya a hana ta mutuwa. In ba ka iya wannan ba, me ka iya?"

Na zauna domin in ƙaryata shi. Ban san hagu ba ban san dama ba, aka kashe ni sau tara. Ana cikin haka, ba tare da ta juyo ba, Insaf ta ce, "Baba, fitila a kurmin hagu." Ita ce cikakkiyar magana ta farko da ta yi mini cikin kwana sittin da ɗaya. Marigayi ne ya dasa fitilar, da ƙararsa da duk wanda ya san shi zai tuna: taƙ.

Da aka rufe shagon, Si Mongi ya naɗe marigayi a jarida ya ba ni. Da Insaf ta samu aikin injiniya a Montreal ta tafi, ta kuma auri Anis a can, marigayi ya zama hanyar da ke tsakanin gidana da nata. Wanda yake da ɗa a ƙetare ya san abin da nake nufi. A waya, hirarmu ba ta wuce minti huɗu: kana lafiya, ana sanyi, ka sha maganinka. Amma kowace Lahadi bayan la'asar, lokacin ita safiyarta ce, sai ta zama maharbiyar ƙungiya ni kuma mai rufa mata baya, ta yi awa uku tana kiran sunana. Baba taho. Baba koma. Baba alkyabba, alkyabba! Ba ni da wata dukiya da ta kai waɗannan awoyi uku.

Halayen marigayi sanannu ne. Mai nauyi ne, ba ya zamewa a kan tebur ko da an firgita. Idan ana tafiya lafiya yakan yi ƙas-ƙas-ƙas a hankali, kamar mai jan carbi. Idan yaƙi ya kaure sai muryarsa ta koma ta ruwan sama a kan kwano, har maƙwabciyata takan buga bango. Ya sha gahawa sau uku ba da son ransa ba, ya haɗiyi garin basisa, irin namu na gasasshen hatsi, da ɓawon 'ya'yan almon da ba su ƙirguwa, bai taɓa neman hutu ba. Lambobinsa huɗu na farko sun goge sarai, sun yi santsi kamar matakalar tsohon masallaci. A duk rayuwarsa bai taɓa sayen takobi ba. Amma mafi girman halayensa shi ne wanda ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma ya shafi jinyarsa.

An daɗe ana cewa marigayi yana fama da ciwon maƙalewa tun shekara biyu da suka wuce. Ni ne na yaɗa wannan labari. Duk lokacin da alkyabba ta makara, ko fitila ta faɗa inda ba a nufa ba, nakan ce wa 'yan ƙungiya allon ne ya maƙale, su kuma su ce Allah ya ba shi lafiya, a wuce wurin. Sau uku ina kai shi wurin Si Ridha mai gyaran rediyo. Sau uku yana kwance shi, ya busa, ya goge, ya gwada kowane madanni. A na ukun ya cire tabarau ya dube ni.

"Si Hashmi, tsohon nan ya fi ni da kai lafiya. Kai dai miƙo hannunka in gani."

Na ce masa ba hannu na kawo gyara ba.

"To ɗauki kofin shayin nan ka riƙe mini shi minti ɗaya."

Ban ɗauka ba. Na naɗe marigayi na dawo gida, kuma Lahadin da ta biyo baya na sanar da ƙungiya cewa Si Ridha ya ce ciwon ya yi nisa. Na shekara talatin da huɗu ina rubuta shaidar mutane a gaban alƙali ban ƙara harafi ba ban rage ba, kuma ba zan fara da takardar mutuwa ba. Saboda haka a rubuta: marigayi bai taɓa maƙalewa ba ko sau ɗaya. Hannuna na hagu ne yake rawa. Shi kuwa ya ɗauki laifin shekara biyu cur, kamar yadda mai rufa baya na gaskiya yake yi, bai ce taƙ ba.

Ajalinsa ya zo ne ta hanyar gasar da 'yan ƙasarmu mazauna waje suke yi duk shekara. Ƙungiyarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ana saura mako guda Insaf ta kira ni ni kaɗai, abin da ba ta saba ba.

"Baba, Anis da su Ziyad, sauran 'yan ƙungiya, suna son a kawo wata a kujerarka. Na ce musu a'a, a bar mini Babana har a gama gasa, in ya yi kyau ba mai sake ɗaga maganar. Don Allah ka yi kyau."

Na ce mata ni na koya wa Anis inda ake dasa fitila tun yana rarrafe a wasan nan. Ta ce, "Na sani, Baba. Ka dai yi kyau."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abokan karawarmu suna da wani jarumi mai ɗaure mutum da sarƙa ya tsayar da shi wuri ɗaya har a gama da shi. Akwai kuma wata ƙararrawa da aka shigo da ita shagon wasan a bana, wadda in an kaɗa ta take kwance ɗaurin. Ni ban taɓa saya ba, domin ba ta cikin kwalin Si Mongi, kuma abin da magabata ba su saya ba ban ga dalilin da zai sa na baya su ruga gare shi ba. Bayan na sayi fitila da takalmi, Insaf ta ce, "Baba, ƙararrawa yanzu, kafin gora." Na karanta mata ƙa'idar. Anis, wanda yake ce mini Ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi Hashmi, da girmanka, Si Mongi bai taɓa ganin mai sarƙar nan ba." Ta sake cewa, "Baba, saboda ni."

Na saya. Shi ne karo na farko cikin shekara goma sha uku da na saɓa wa tsarin, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba, domin shawararta daidai ce. Sai dai ƙararrawa ta zauna a gurbi na uku, ta tura gora zuwa na huɗu, alkyabba ta koma na biyar. Ana iya jan kaya da linzamin kwamfuta a gyara musu zama. Kowa ya san haka. Ni ban taɓa buƙatar yi ba, don haka ban tuna ba.

A minti na talatin da takwas aka haɗu a bakin kogi, yaƙin da duk wanda ya ci shi ya ci wasan. Sarƙa ta kama Insaf. Mutum uku suka yi kanta. Ina tsaye daidai inda ya kamata, nisan jifa ɗaya, jinina a cike, ga ƙararrawa ga alkyabba duk a hannuna. Ta ce, "Baba!" Yatsana ya tafi inda ya saba zuwa sau dubbai, lamba huɗu, tsohon gurbin alkyabba. Marigayi ya amsa nan take, ba makara ko ta ƙiftawar ido: taƙ. Jarumina ya ɗaga gorar magani ya shanye shi kaɗai, a gaban jama'a, 'yata tana faɗuwa.

Ziyad ne ya fara magana. "A sha lafiya, Ammi Hashmi! Ka rage mana ko ɗan kurɓi ne mu kai wa gawa."

Na ce, "Allon ne ya maƙale."

Ba wanda ya ce Allah ya ba shi lafiya. Muna kallo aka rushe gidanmu na cikin wasan. Sannan Insaf ta yi magana a hankali, da muryar da mahaifiyarta take amfani da ita in za ta faɗi abin da ba ta son faɗa.

"Baba, bai maƙale ba. Abin da ka danna ya danna. Ban taɓa yarda yana maƙalewa ba, tun bara."

A nan ne na dunƙule hannun nan mai rawa na sauke shi a tsakiyar marigayi. Ya tsage daga lamba shida zuwa ƙasa. Ƙararsa ta ƙarshe ba irin wadda aka san shi da ita ba ce, kuma ba zan kwaikwaye ta ba. Dalilin mutuwa ke nan, kuma wanda ya aikata shi ne mai sanarwa.

Marigayi ya bar ƙaninsa linzami, wanda ya kwanta a gefen tebur tun ranar, da abin sawa a kunne, mai jin ɓari ɗaya, da kwalin Si Mongi, da ni. Ya kuma bar kujera, wadda aka riga aka cike. Ranar Laraba Insaf ta kira ta shaida mini cewa wata Nuha, mai harhaɗa magani, 'yar Gabis, ita za ta riƙa rufa mata baya. Ta ce ta nema mini ganin likitan jijiya, kuma in na ƙi zuwa za ta hau jirgi ta kai ni da kanta. Na ce zan je. Hirar ta ɗauki minti shida.

Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa abin da ba shi da rai salla, saboda haka ba za a yi ba. Za a naɗe shi a jarida kamar yadda ya shigo gidan nan, a binne shi ranar Juma'a bayan an sauko, a gindin itacen almon na gonarmu da ke hanyar Garamda. Si Ridha ya nemi a bar masa haƙan ramin, na amince, domin shi kaɗai ya tsaya wa marigayi shaida yana raye. Za a karɓi gaisuwa a gida kwana uku, daga la'asar zuwa magariba, da shayi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya zo da sabon allo, kuma kada a ce mini ana samun irinsa a kasuwa. Na san ana samu. Sabon allo ba zai yarda ya yi mini ƙarya ba.

Ga abin da aka samu a zamaninsa, domin na baya su sani: wasa dubu biyu da ɗari da goma sha huɗu, an ci dubu da casa'in da bakwai, fitilu da ba su lissaftuwa, yarinya guda da ta dawo da magana. Ga kuma abin da ya rage a hannu: Anis ya buɗe mini ƙofar 'yan kallo, duk Lahadi bayan la'asar. Ba a buɗe wa ɗan kallo murya, ba ya jin ta 'yan wasa, kuma ana nuna masa wasan ne a makare da minti uku, don kada ya tsegunta wa kowa. Duk sa'ad da na ga an kewaye ta, to ta riga ta faɗi ko ta riga ta tsira, ta kuma riga ta kira sunan wata. Na karɓa. Zan zauna da wuri.