Yadda Na Kori Tsuntsayen Ƙasar Gana

Ko da tsufa zai kwashe mini tunani kaf, ba zan taɓa mantawa da zuwanmu ƙasar Gana ba. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina goyon fari. Har yau in aka ambaci tsuntsu a gidan surukaina, sai na dubi fuskokin mutane in ga ko da ni ake.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku yi mini adalci. A wani ƙauye bayan Rogo aka haife ni, aka kawo ni aure Ƙaraye, gidan wani malamin gona. Boko aji uku na yi aka cire ni, saboda babanmu ba shi da ɗa namiji da ya tasa. In gero ya fara ido, jan-baki suka sauko, ni ake ɗorawa kan rumfa a tsakiyar gona, igiyar gwangwanaye a hannu ɗaya, majajjawa a ɗaya. Daga fitowar rana har faɗuwarta ina kururuwa. Ban ce ina da kyau ba, amma murya kam, alhamdu lillahi. Maƙwabtan gonarmu cewa suke yi in na yi ihu ɗaya, su ma sun huta.

To, yayan maigidana, Yaya Alhaji, ya daɗe a Ankara, babban birnin Gana, yana da motar kansa yana ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido. Shi ya aiko mu je ya ga yaron, tunda sunan marigayi babansu aka sa masa, ana ce masa Abba. Inna, uwar mijina, ba ta so a je da ni ba.

“Wannan da ko Kano aka je sai ta riƙe maka riga?” ta ce wa ɗanta, ina bakin murhu ina ji. “Can fa ƙasar mutane ce. Kada ta je ta zubar mana da mutunci a gaban Alhaji.”

“Za ta natsu, Inna,” in ji Malam, maigidan nawa.

Da ya shigo ɗaki ya ce mini, “Kin dai ji da kunnenki. Abu ɗaya nake roƙonki: duk abin da kika gani, ki yi kamar kin saba ganinsa.” Na ce wallahi ko motsin kirki ba zan yi ba. (Da ma ban rantse ba.)

Ban gaya masa cewa da kaya biyu zan tafi a ƙirjina ba. Na farko kunyar ɗan fari. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, in ya yi kuka ma sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ni “yaron nan” nake ce masa. Na biyu kuwa, da na je sallama Rogo, kakata ta ja ni gefe ta ce in kula, in inuwar babban tsuntsu ta ƙetare jariri, sai ya kama sanƙarewa. Ban san ko gaskiya ne ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya faru da shi ba. Amma ni irin uwar nan ce da in yaro ya yi barci mai nauyi sai na sa yatsa a hancinsa na ji ko yana numfashi.

Hanya ba sai na ba ku labari ba. Kano, Legas, Kwatano, Lome, ƙafafuna suka kumbura kamar na mai tsohon ciki. A Lome na fara ganin teku ta tagar mota. Na ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa. Ruwa ba tsallake, yana tasowa kamar bango ya fashe ya koma, ba kuma wanda ya gudu! Ga mata suna soya kifi a bakinsa hankali kwance. Salati ya taho mini har maƙogwaro, na tuna rantsuwata na haɗiye. Malam ya leƙo fuskata, na ce, “Ai ruwa ne.”

Matar Yaya, Anti Ramatu, haifaffiyar can ce, Bahaushiyar zango, mai fara’a da surutu. Tana ganin yaron ta ɗauke shi ta goya, ta ce ya zama nata. Na yi kamar ban damu ba, amma duk inda ta juya idona yana bayanta.

Sai abinci. Ranar farko aka kawo wani dunƙulen tuwon masara naɗe a ɓawonta, wai dokunu, mai tsami kamar ya kwana uku a tukunya. A Ƙaraye da na zubar wa kaji. Na ci, na ce da daɗi. Aka sa mini wani baƙin yaji da ya sa kunnena ya toshe, na ce da daɗi. Kashegari na tsoma hannu a miyar kuɓewa, na ji wani abu mai ƙafafu. Na ɗago shi. Kaguwa ce, cikakkiya, da idanunta, ta ɗaga hannu kamar za ta yi mini gaisuwa.

“Ƙanwata, fasa ki tsotse, daɗin yana ciki,” in ji Anti Ramatu.

Na dubi Malam. Ya ƙura wa bango ido. Na fasa, na tsotse, ina karanta duk addu’ar da na iya a zuci. Da muka keɓe ya ce, “Kin burge ni.” Kaina ya kumbura. Na fara tsara yadda zan koma in ba Inna labari ina taunar cingam.

Ana nan sai Yaya ya ce akwai wani tsohon Bature, babban mai hayarsa, da ke zuwa duk shekara kallon tsuntsaye a wani tafki da ke bakin teku. Zai kai shi, kuma Baturen ya yarda a je da mu.

“Kallon tsuntsu?” na ce wa Anti Ramatu a hankali. “In ya gama kallo sai ya harba?”

“Ba a harbi a wurin. Gidansu ne, har masu gadi gare su.”

Tsuntsu da mai gadi! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gadin gero saboda su. Na dai yi fuskar wadda ta saba.

A mota Yaya ya juyo ya ja mana kunne. Ya ce akwai wani ɗan tsuntsu da ke zuwa daga ƙasar sanyi, mutumin ya yi kwanaki yana fakonsa bai samu hotonsa ba, gobe kuma zai koma ƙasarsu. “Don Allah ko tari ya zo muku ku haɗiye. Da hayar mutumin nan nake riƙe gidana rabin shekara.” Ni dai ban ɗago kai ba, don ba na haɗa ido da Yaya.

Muka isa da sanyin safiya. Jama’a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwa kwance shimfiɗe, gefensa wasu itatuwa da saiwoyinsu a waje kamar sun tattare zane za su tsallaka rafi, bayan tudun yashi kuma teku yana ta gurnani. Tsuntsu kuwa ko’ina. Na gane balbela, na gane zalɓe, na gane kirinjijiya. Sauran ban san su ba: masu dogon baki kamar allura, masu jan ƙafa, masu tsayawa da ƙafa ɗaya kamar an ba su horo. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, wayyo, gonar wa za su sauka? Tafin hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Mai gadin wurin ya kai mu bayan wani shingen zana mai ’yan tagogi. Baturen ya kafa na’urar hotonsa mai ƙafa uku, ya manna ido, ya daskare. Da gajeren wando, tsofai-tsofai da shi, sauro na cin ƙaurinsa bai ko motsa ba. Mu mata muka shimfiɗa tabarma a ɗan nesa. Yaron ya yi barci, Anti Ramatu ta sauke shi ta kwantar a fili, ta shiga fere mana kwakwa. Ni na zauna can gefe da kwanon soyayyen kifi a cinyata, na juya masa baya, kamar yadda ya kamata ’yar mutunci ta yi a gaban yayan miji.

Na ga Baturen ya ɗaga yatsa ɗaya a hankali. Mai gadi ya kama baki. Yaya ya daina ƙifta ido. Abin da ake jira ya sauka.

Ni kuma a daidai lokacin na saci kallon tabarma.

Wasu manyan fararen tsuntsaye ne suka taso daga wajen teku, masu jaka a ƙarƙashin baki (kwasakwasa, daga baya na ji sunansu), kowanne fiffikensa ya kai faɗin ƙofar zaure. Sun yi ƙasa-ƙasa. Ba su na gani ba, inuwarsu na gani, baƙa, tana gudu a kan yashi, ta miƙo sak inda yaron yake kwance.

Wallahi ban yanke shawara ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Kifi ya watse, murfin kwano a hannun dama, kwano a hagu, na haɗa su, ƙwal! ƙwal! ƙwal! Sannan na buɗe maƙogwaron nan na gonar babanmu gaba ɗayansa:

“Haaaa-yaaa! Kaaai! Cas! Cas! Ku bar mini ɗana! Abbaaa! Ɗana!”

Tafkin nan kaf ya tashi. Kaf! Ƙarar fukafukai kamar ruwan sama a kan kwano, rana ta dushe, kashin tsuntsu yana zubo mana. Inuwar da nake gudun guda ɗaya ta taɓa shi, sai ga ta tsuntsun duniya duka ta rufe shi. Ni kuwa ina tsalle ina ƙara bugawa, ɗankwalina ya faɗi, har na duƙa na ɗebi yashi na watsa musu.

Da na dawo hayyacina, ba ko ɗan tsako a kan ruwan. Shiru. Sai kukan yaron, wanda ba tsuntsu ne ya tashe shi ba, ni ce.

Baturen ya juyo, bakinsa a buɗe, fuskarsa ja kamar gauta. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya cire hularsa, ya dubi farin abin da ya sauka a kai, ya mayar. Mai gadi yana ta zuba wani yare yana nuna ni da hannu biyu. Malam kuwa ya tsuguna ya rufe fuska da hula.

Yaya ne ya fara magana, a hankali. “Ikon Allah. Ashe amaryar tamu tana da murya.” Ya dubi Malam. “Ashe kuma ta san sunan yaron.”

Nan ne na tuna abin da na faɗa. Na dube ni: kai ba ɗankwali, yaro a ƙirjina na ƙanƙame shi ina shinshina wuyansa, a gaban yayan mijina. Anti Ramatu ta kwanta a kan tabarma tana dariya har da hawaye, tana cewa, “Ɗana! Ɗana! Jiya fa ‘yaron nan’ ne!”

Muka jira har rana ta take, tsuntsun Bature bai dawo ba. Muka shiga mota muka koma gida. Har muka baro Gana Yaya bai san ko mutumin zai sake hawa motarsa ba, ni kuma ban sake cin abinci na ƙoshi ba. Malam bai zage ni ba. Sai da muka wuce Kwatano ya ce, “Kaguwa fa kika ci don ki rufa mini asiri.” Ya girgiza kai. “Kaguwa.” Muka yi shawara ba mai gaya wa Inna.

Shekara ta zagayo, Yaya ya zo ganin gida. Bayan gaishe-gaishe ya ce Baturen ya dawo, har ya ba da saƙo. Ya zaro hoto ya miƙa wa Inna a gaban kowa. Ashe da na yi ihun farko, firgita ta sa mutumin ya juyo da na’urar ya danna. Ga ni nan tsaf: ƙafa ɗaya a sama, baki a wangame har ana hango dasashi, murfin kwano yana walƙiya, sama baƙi ƙirin da tsuntsu. Wai ya ce a duk yawonsa bai taɓa ɗaukar irin wannan halitta ba.

Inna ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi, ta daɗe tana kallo. Na durƙusa ina jiran hukunci.

“Duk wannan ke kika tashe su? Ke kaɗai?”

“Ni ce, Inna.”

“Don yaron?”

Na sunkuyar da kai.

Ta soke hoton a jikin madubinta (yana nan har yau, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa). Sannan ta ce wa Malam, “Geron bayan gari ya fara ido, yaran da ka ɗauka ba abin da suke yi sai barci. Gobe a kai mini wannan. Tunda ta iya tashin na ƙasar waje, na Ƙaraye ba za su gagare ta ba.”

Haka na koma kan rumfa da aurena, da goyona a baya. Abin da na koya shi ne, in za a kai ka baƙuwar ƙasa, kada ka tsaya tambayar me suke ci, wannan ko kaguwa ce za ta haɗiyu. Ka tambayi me suke gadi. Yaron kuwa ko atishawa bai yi ba. Yanzu ƙato ne, kuma don Allah ku ji sana’ar da ya zaɓa: kiwon tattabaru.