Ƙofar da Ta Warkar da Ni

Jama'a, ku taya ni murna, na warke. Ni ma ban sani ba sai da safiyar yau, da na buɗe akwatin wasiƙa na tarar da albishir daga Masu Girma iyayen gidanmu masu kula da naƙasassu. Sun ce bincike ya nuna jikina ya yi kyau, don haka daga ƙarshen wannan wata an dakatar da tallafina. Na koma ɗaki na ɗage wando na duba. Ƙafar hagu dai tana yadda ciwon suga ya bar ta shekara tara da suka wuce, wato daga gwiwa zuwa ƙasa roba ce. Ƙoda ma har yanzu sau uku a mako ake kai ta wanki. Amma wane ni in ja da mai hatimi?

Abin da ya hana dariyar tawa nisa shi ne tankin mai. Da wannan tallafin muke sayen man da ke ɗumama gida, ga Nuwamba ta kama, ga man saura kwata. Matata Doreen ta karanta wasiƙar sau biyu, ta ninke, ta je ta rage zafin gidan. Wallahi wannan ya fi wasiƙar yi min ciwo.

Ga yadda aka yi na warke. Duk bayan shekara uku ake kiranmu a sake tantance mu, ko wani ya tsiro da sabuwar ƙafa a ɓoye. Da takardar kira ta zo a watan jiya, maƙwabcina Réjean, wanda ƙurar ramin haƙar ma'adinai ta cinye wa huhu, ya zaunar da ni a shagon kofi ya yi min karatu. Shi sau huɗu ana tantance shi, ya zama malami. Ya ce kada in aske gemu, kada in sa riga mai guga, kada in yi murmushi. In an ce ya jiki, kada in kuskura in ce ba laifi.

"To me zan ce?"

"Gaskiya mana, tsoho. Ka ce kana shan wuya."

Ai nan ne wuyar. Mu a arewacin Ontario, nan ƙasar Kanada, mutum zai faɗo daga saman rufi ya karye biyu, ka tambaye shi, ya ce ba laifi, wasu sun fi shi shiga uku. Ubana yana kan gadon mutuwa yake ba nas haƙuri wai ya dame ta.

Tun daga gida na fara faɗuwa jarrabawar. Doreen ta rantse mijinta ba zai shiga ofis kamar wanda ya kwana a tasha ba. Ta goge riga, ta miƙo min reza.

Sai ƙofar ofishin, ta ƙarfe da gilashi, nauyi kamar murfin kabari. A gefenta akwai maɓallin nan mai hoton keken guragu da ake dannawa ta buɗe da kanta. Na danna, shiru. Na sa kafaɗa na ture ta da kyar. Ina waigowa sai ga wata mata can wajen ajiye motoci, kofi a hannu ɗaya, fayil a ɗayan, muka haɗa ido. Kun san dokar garinmu: in dai kun haɗa ido, to ka zama mai gadin ƙofa har sai ta iso. Na tsaya, sanda a hammata, dungulmin yana zugi, gumi yana bin sabuwar gugar Doreen. Da ta iso ta yi godiya, ni kuma na ba ta haƙuri, ban ma san na mene ne ba.

Bayan minti ashirin aka kira sunana. Wa zan gani a bayan tebur? Ita ce, Uwar Ɗakinmu Mai Tantancewa, da kofinta.

"Mista Kowalchuk, ya jikin?"

"Ba laifi, ranki ya daɗe, wasu sun fi ni."

Bakin ne ya amsa, ban aike shi ba. Ta yi murmushi ta rubuta.

Abin da ta rubuta ke nan a wasiƙar yau: mai neman tallafi yana tsayuwa ba taimako, yana sarrafa abu mai nauyi, tsaf yake, kuma da bakinsa ya ce ba laifi. Dole a jinjina mata. Likitoci sun shekara tara suna fama da ni, ita ta gama aikin kafin kofinta ya huce. Da za a ji shawarata, sai a ciro ƙofar nan a kafa ta a asibiti.

Da rana Réjean ya kai ni in ɗaukaka ƙara, abin da aka ce yana cin wata shida, sanyi kuma ba ya jiran wata shida. Muna isa ƙofar ya riƙe min hannu, tulun iskar da yake shaƙa yana reto a kafaɗa. Ya ce kada in taɓa, akwai taga a sama, ana iya hango mu, mu jira mai cikakkiyar lafiya ya zo ya buɗe. Muka tsaya. Sai ga wata tsohuwa tana tura ƙarfen dogarawa, ita ma ta ja ta tsaya. Ta ce bara aka yanke nata tallafin saboda ta sunkuya ta ɗauko wa wani safar hannunsa. Mu uku muka jeru cikin ƙanƙara muna kallon ƙofa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bismillah.

Na tuna tanki, na tuna Doreen da rigar sanyi biyu a cikin ɗaki. Na kuma dubi tsohuwar, leɓenta ya fara canza launi don sanyi. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da aka yanke ƙafar. Na sa kafaɗa na ture.

"Ka kashe kanka, Wendell," in ji Réjean. Amma fa ya bi bayan tsohuwar ya shige, har da na gode.

Ina riƙe da ƙofar na ƙara duban maɓallin nan. Takardar da aka manna masa mai cewa ba ya aiki har ta koɗe, tun tantancewata ta shekara uku da suka wuce take nan. A duk ginin shi kaɗai aka yarda lalurarsa ta dindindin ce, ba a taɓa aiko masa da fom ba.