Ankon Farin Rago

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar ɗiyata Zainabu ba, kuma kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan labarin. Na yarda. Amma ai wawa ma yana da haƙƙin yin fushi, ni kuwa har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗauki zafi.

Shekara ashirin da ɗoriya ina kasa riguna a tebur a bakin titi na 116 a unguwar Harlem, can ƙasar Turawa. Boko dai aji uku na yi a Maraɗi, daga nan ko malamin ne ya gudu ko ni ne (malaman tarihi sun yi saɓani). Amma rigar tishat, ko cikin barci ka miƙo mini zan gaya maka asalinta. Cikin kayana har da na makaɗan rok ɗin nan na zamanin da, masu gashi har kafaɗa kamar an yi musu iyaka da wanzami, masu rungume gita suna ihu kamar kunama ta harbe su. Ban taɓa sauraron waƙarsu ɗaya har ƙarshe ba. Ciniki ya kawo ni, ba rawa ba.

To, Zainabu ta kawo miji, Bature, yaron kirki, ya musulunta muna kiransa Yusufa. Ubansa Mista Farank tsohon mai gyaran famfo ne, ya ba saba'in baya, yana ɗaure furfurarsa a ƙeya kamar wutsiyar akuya. Sau biyu muka haɗu, duka biyun yana sanye da riga mai hoton baƙin rago a ƙirji. Na san rigar sarai, ina da ita a tebur. Iri biyu ce: mai baƙin rago da mai farin rago, suna iri ɗaya rubuce a sama.

Ana saura mako guda Zainabu ta same ni, ta ce (da Turanci, yaran nan ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci), "Baba, don Allah kar ka shirya komai a walimar nan. Shekara guda Yusufa ya yi yana lallashin babansa da ƙanen babansa Toni su zauna a ɗaki ɗaya. Ba sa magana. Ni hoto ɗaya kawai nake so, kowa da kowa a ciki."

Na ce, "Gado ne ya haɗa su?"

Ta ce, "Doguwar magana ce, Baba."

Na ce a raina gado ne, in ba gado ba mace. Me kuma zai raba wa da ƙane?

Amma fa a garinmu ba a tarbar suruki hannu rabbana. Mata sun fitar da ankonsu na leshi, mu maza sai mu zauna kamar baƙi? Sai dabara ta faɗo mini (Allah Ya isa tsakanina da wannan dabara). Tunda mutumin nan yana ƙaunar makaɗan rago, bari mu dattawa mu yi masa ankon rigarsu, ya ga an girmama shi. Na tsaya gaban kwali biyu ina nazari kamar alƙali. Baƙi ko fari? Jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah, wa ya taɓa kai baƙin rago gidan biki alhali ga fari tas yana kallonsa? Na ɗebi farare guda bakwai.

Na raba wa dattawan majalisarmu, ban da Alhaji Idi ɗan Tawa, wanda ba ma ga-maciji da shi tun wata gardamar kokawa (shi ne mara gaskiya, a bar maganar). Na ce kowa ya sa ta ƙarƙashin babbar riga, sai na ba da alama.

Ranar Asabar bayan azahar zaure ya cika. Mista Farank yana wannan kusurwa, Toni yana waccan, kowa na kallon farantinsa, amma dai ga su a ɗaki ɗaya. Mai hoto ya fara jera mutane. Zainabu sai murmushi take. Nan ne na karɓi lasifika, na yi gyaran murya, na ɗaga hannu. Dattawa bakwai muka tuɓe manyan riguna a tare. Fararen raguna bakwai a kan tumbi bakwai.

Toni ya daka tsalle, tsoho da sanda fa, ya rugo ya rungume ni yana ihu, "Na san akwai masu hankali a dangin nan!"

Mista Farank kuwa fuskarsa ta koma tattasai. Ya nuna ƙanensa da cokali mai yatsu ya ce mini, "Shi ya sa ka, ko? Nawa ya ba ka?"

Yusufa ne ya matso kunnena ya warware mini. Ashe makaɗan nan da can ƙungiya ɗaya ce. Mawaƙin da mai gitar suka ɓata, aka raba gari, mawaƙi ya tafi da farin rago, mai gita ya riƙe baƙi. Wajen Farank mawaƙin ɓarawo ne, ya sace waƙoƙin da wani ya ƙirƙira. Wajen Toni mai gitar mashayi ne, in babu muryar wancan ko a tashar jirgin ƙasa ba mai jefa masa kwabo. Ranar jana'izar uwarsu Toni ya kunna waƙar farin rago, Farank ya cire wayar daga bango, tun ranar ba su sake gaisawa ba.

Mai hankali a nan sai ya mayar da babbar rigarsa ya nemi kujera. Ni kuwa na tuna ni ne mai sulhun majalisa, na raba ma'aurata da faɗa ba adadi. Na ƙara riƙe lasifika, na tattaro Turancina na bakin titi.

"Ya ku surukaina," na ce, "rago dai rago ne. Da fari da baƙi wuƙa ɗaya ke yanka su. Ni nan na sha jin kiɗan nan daga motocin masu wucewa, wallahi duk ɗaya ne, kamar ana jan kwano a kan siminti. A kan wannan za ku raba zumunci?"

Toni ya zame hannunsa daga kafaɗata a hankali, kamar ya taɓa kashin kaji.

"Duk ɗaya?" in ji Farank.

"Kwano?" in ji Toni.

Karon farko ke nan cikin shekaru da bakinsu ya zo ɗaya, kuma a kaina ne. Farank ya ɗauki kwat ɗinsa, ya dafa kan ɗansa, ya ba amarya haƙuri, ya fice. Toni ya bi shi da sanda, ba don ya dawo da shi ba, sai don ya ƙarasa masa magana a kan mai gita. Muna jiyo su har bakin titi.

An ɗauki hoton. Babu uban ango, babu ƙanensa, sai ni a tsakiya da rago a ciki. Zainabu ta zo gabana kwalli na bin kumatunta, ta ce, "Baba, abu ɗaya na roƙe ka." Da Hausa ta faɗa. Da ta zage ni da Turanci da ya fi mini sauƙi.

Muna isa gida na sauke fushina gaban matata Hajiya Rabi, tana tuƙa tuwo ina zagaya kicin. Na ce, "Hajiya, ki ji mini tsofaffin banza! Furfura har ƙeya, a kan masu kaɗa waya! Su makaɗan suna can suna cin kaza, ko sunansu ba su sani ba! Na dai koyi darasi: in ka ga Bature da dabba a ƙirji, tambayi launinta kafin ka gaishe shi. Amma mutum ya yi gaba da ɗan'uwansa a kan wasa? Mu dai Allah Ya raba mu da wannan hauka."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Alhaji, shekara nawa rabonka da gaisawa da Alhaji Idi?"

Na ce, "Wannan ai daban ne! Cewa ya yi an ka da ɗan kokawarmu na Maraɗi, alhali gwiwarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba!"

Ta ajiye muciya ta dube ni daga hula har rago. Ta ce, "Su ko banza sun je sun ga makaɗansu da idonsu. Kai kokawar ma a rediyo ka ji ta. Cire ragon nan ka zo ka ci tuwo."