Tunau da Tattabarun Sahabi

A garin Markawa, tun kafin kwaleji ta haɗiye rabin garin, akwai wata tsohuwa mai tuyar waina, sunanta Iya Tabawa. 'Ya'yanta uku: Hansai da ke gidan miji, sai Sahabi, sai auta Tunau. Shi Tunau har gemu ya fito masa, amma Allah ya yi shi kamar ƙwarya, abin da ka zuba shi za ka tarar. In za ka aike shi sai ka auna maganarka, don yadda ta fito daga bakinka haka zai aikata ta.

Sahabi kuwa shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Da hayaƙin tanda Iya ta kai shi kwaleji, amma kiwon tattabaru ya ɗauke masa hankali har aka sallame shi. Shekara guda yana fita da littattafai kullum safiya, bai faɗa wa kowa ba. Ranar da Iya ta ji zancen a bakin ɗalibai masu sayen waina, ta dawo gida ta ce, "Ɓace mini da gani! Kada idona ya ƙara ganinka!" Sahabi ya rataya jaka, ya koya wa Tunau irin fiton da yake kiran tsuntsayen da shi, ya ce, "Riƙe mini su amana." Ya fita. Fushin Iya bai kai magariba ba, amma shekara goma sha biyu ba Sahabi ba labarinsa. Ba ta da sauran buri a duniya sai ya dawo ya same ta.

Wata rana Iya ta miƙa wa Tunau kwanon gero ta ce, "Kai niƙa inda muka saba kaiwa." Ashe mai injin ya daɗe da tashi, shagon ya koma wurin fotokwafi. Tunau ya bi layin ɗalibai da kwanonsa a ka, da aka zo kansa ya sauke shi a kan na'urar. Mai shago ya ce, "Malam, nan takardu muke yi." Tunau ya ce, "Iya ta ce nan. A yi shi da laushi, na kunu ne." Aka yi ta dariya, shi kuwa ya nemi gefe ya zauna yana jiran a gama da takardun a zo kan gero, har la'asar. Da ya koma gida da tsabarsa yadda ya fita da ita, Iya ta ce, "Kai, ɓace mini da gani!" Sai ya zagaya ya tsaya a bayanta. Ta juya, ya juya. Ta shiga madafa, yana biye da ita a ƙeya. "Me kake yi?" in ji ta. Ya ce, "Na ɓace ne, Iya. Kina ganina?" Ta yi dariya har ta zauna, daga nan dariyar ta koma kuka, Tunau bai san dalili ba.

Wata rana aka zo aka shafa jan fenti a bangayen unguwar, wai za a faɗaɗa titin kwaleji. Abin da titi ya rage, masu gina ɗakunan haya na ɗalibai suka kwashe. Hansai ta samo musu ɗaki biyu kusa da ita, can bayan tasha. Iya ta ce ba inda za ta. "In yaron nan ya dawo, ƙofar wa zai buga?" Amma wa ke jin ta tsohuwa in katafila ta iso bakin layi? Ranar tashi Hansai ta ce, "Tunau, kwashe komai, kada ka bar ko tsinke." Ya cire ƙyaure, ya tone duwatsun murhu, ya share tsakar gida ya ƙulle tsinkayen kara a buhu. Can suka ji sara a zaure. Suka tarar da shi da gatari yana yanko wani ɓangaren bango, inda Sahabi ya taɓa zana sunansa da ƙusa tun yana firamare. Hansai ta ɗaga murya, Iya ta ce, "Ƙyale shi." A zani ta naɗe ɓallin ƙasar nan, ta rungume shi a cinya har sabon gida.

Wata rana, bayan idon Iya ya fara hazo, ta ce, "Tunau, je ka tsohuwar unguwa. Duk wanda ka gani da jaka yana dube-dube kamar ya ɓata, kawo mini shi." Ba ta san makon ɗaukar sababbin ɗalibai ba ne. Kafin azahar Tunau ya shigo da mutum goma sha ɗaya, maza da mata, kowa da jakarsa, duk sun ɗauka masauki zai nuna musu. Hansai ta riƙe baki. Iya kuwa ta sa aka matso mata da su ɗaya bayan ɗaya, tana kai fuskarta kusa da ta kowane namiji. Da ta gama ta ce, "Sannunku da hanya, 'ya'yan nan. Hansai, ba su ruwa." Ta tashi ta hura wuta ta toya musu waina. Da za su tafi ta bi su har ƙofa tana cewa, "Kowa ya riƙa leƙa uwarsa, ko an kore shi daga makaranta." Yaran suka yi dariya, sun zaci barkwanci ne.

Damina na tsakiya Iya ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Maganarta ta ƙarshe, Tunau ta faɗa wa, don ta san shi kaɗai ne ba zai ƙara gishiri ba. An yi sanarwar rasuwa a rediyo, an yi zaman makoki, mutane sun watse. Tunau ya daina magana sai da tattabaru.

Wata rana, bayan addu'ar bakwai, Hansai ta ce, "Duk abin da ba namu ba, a mayar da shi inda aka ɗauko shi." Tabarmi da butocin maƙwabta take nufi. Tunau ya mayar da su, sannan ya cusa tattabaru a kwando, ya ɗora a baro, ya tura har inda gidansu yake a da. Yanzu bene ne mai hawa biyu, kayan shanyar ɗalibai na lilo a baranda. Ya buɗe kwandon. Tsuntsayen suka tashi, suka yi kewaye uku, suka riga shi komawa sabon gida. Washegari ya sake lodinsu. Maigadin benen ya kore shi, ya tsallaka titi ya zauna a kan kwalbati. Hansai ta yi faɗa har ta gaji. Shi dai amsarsa ɗaya: "Ba namu ba ne, Yaya. A nan aka ba ni su."

Rana ta shida, yana tsaye yana fito don su sauko, sai wani mutum mai furfura a gemu ya tsaya cak a tsakiyar titi, har mai babur ya zage shi. Sahabi ne. A wani gari mai nisa ya ji sanarwar, ya zo ya bi titin nan sau uku bai gane ko bishiya ɗaya ba. Yaran da ya tambaya ba su taɓa jin sunan tsohuwar unguwar ba, manya kuwa kunya ta hana shi tunkararsu. Tasha ya nufa zai koma, sai ya ji fitonsa a bakin wani.

"Tunau?"

"Yaya Sahabi, ga tattabarunka. Waɗancan sun mutu, waɗannan jikokinsu ne."

Sahabi ya dafa baron. Da ƙyar ya ce, "Iya ta ce ta yafe mini?"

Tunau ya yi tunani sosai, don ba ya ƙara gishiri. "Ba ta ce haka ba. Cewa ta yi in ka zo kada a tambaye ka komai, a ba ka tuwonka. Kullum sai ta rufe maka a kwanon nan mai murfi. Da safe ni nake cinyewa. Ka yi haƙuri."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ita fa ta ce kada idonta ya ƙara ganina, Tunau. Da bakinta ta faɗa."

"Ni ma tana faɗa mini haka," in ji Tunau. "Sai in koma bayanta in tsaya. Kai me ya sa ka je da nisa?"

Garin nan kaf Tunau suke kira wawa, don yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ni dai har yau ban san wanda ya fi cancantar sunan ba tsakanin su biyun, kuma abin na yi mini ciwo.

Sahabi ya sulale ya zauna a kan kwalbati, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Ɗalibai na wucewa suna kallo. Ya ce, "Kauce, Tunau, kada ka gan ni haka."

Tunau ya zagaya ya tsaya a bayansa. Rana ta take, inuwarsa ta rufe wansa, bai motsa ba har aka kira azahar.